Darasin Wannan Wata: Ɗan Cin Rani Da Mai Masaukinsa A Unguwa Uku

Idan kaka ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, an roro wake, an cire gyaɗa, aiki yakan yi sauƙi a ƙauye. Wanda yake da fadama, ko yake kusa da ruwan Tiga da Kadawa, yana da noman rani a gabansa. Wanda ba shi da ita kuwa, wata shida ne ko bakwai babu aikin da zai kawo masa kuɗi. Ga hatsin rumbu yana raguwa kullum. Shi ya sa magidanta da samari da yawa suke ɗaure 'yan tufafinsu a buhu, su yi sallama da iyali, su nufi birni. Wannan tafiya ita ce cin rani.

Riba biyu ake nema a cikinta. Ta farko, bakin mutum ɗaya ya fita daga rumbu, hatsi ya ƙara kai wa iyali gaba. Ta biyu, a samo kuɗin taki da iri da sutura kafin ruwa ya sauka.

Cin rani ya daɗe. A ranin shekarar 1952 zuwa 1953, an tsaya a kan hanyoyi ana ƙirga masu fita neman kuɗi ta Lardin Sakkwato. An ƙirga mutum fiye da 250,000 a rani ɗaya, 'yan lardin da masu ratsowa daga ƙasar Nijar. Yawancinsu a ƙasa suke tafiya a wancan zamani. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 sun ƙara kora mutanen karkara zuwa birane.

To, kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane sai da ya kwana a wani wuri ranar da ya sauka. Sai da wani ya ba shi ruwa ya sha. Sai da wani ya nuna masa inda aiki yake. Wane ne wannan mutum, kuma me ya sa yake karɓar wanda bai haifa ba? A kan haka darasin wannan wata zai yi magana.

Unguwa Uku

Unguwa Uku tana bakin titin Zariya, a Ƙaramar Hukumar Tarauni, cikin Kano. Wanda ya taso daga Tudun Wada ko Rano ko Kura ta wannan titi zai shigo. Zai wuce Na'ibawa, ya iso Unguwa Uku, gaba kaɗan kuma sai Gyaɗi-Gyaɗi, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. Mutanen Wudil da Gaya da Dutse ta titin Maiduguri suke shigowa, su bi ta Mariri da Hotoro, su ma su faɗo Tarauni.

Akwai babbar tashar mota a Unguwa Uku. Akwai kasuwar 'yan awaki. A Na'ibawa akwai kasuwar 'yan lemo da ta 'yan katako. Duk inda ake sauke kaya ana loda kaya, akwai aikin ƙarfi. Saboda haka ɗan cin rani yakan sami dako, ko turin baro, ko leburanci a wurin gini. Wasu ga-ruwa suke yi. Wasu faskare, wasu yankan farce, wasu gyaran takalmi, wasu gadi, wasu kuma jari-bola. A da, samari da yawa acaɓa suke yi. Amma tun watan Janairu na 2013 gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano. Kada wani ya sayar da akuyarsa ya taho da wannan niyya.

Aiki yana nan, amma ba a rubuce yake a allo ba. Baƙo zai iya yini yana zagaya tasha bai san wanda zai tambaya ba.

Daren Farko

Ga misali. Wani saurayi ya taso daga wani ƙauye na ƙasar Rano. Wannan ne zuwansa Kano na farko. Motarsu ta lalace a hanya, ba su iso Unguwa Uku ba sai bayan magariba. Yana da lambar wayar wani ɗan garinsu mai tura kurar ruwa a Tarauni. Ya kira, ya sake kira, wayar ba ta shiga. Kuɗin da ke aljihunsa ba su fi na abincin kwana biyu ba. Ga hunturu, ga shi bai san kowa ba.

Sai ya yi abin da ya dace. Ya nemi masallaci ya yi sallar isha'i cikin jam'i. Da aka idar, ya fito ya ga wani dattijo mai shayi a gefen hanya, mutane suna zaune a bencinsa. Ya jira har ciniki ya lafa, sa'an nan ya matsa ya rusuna.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam. Yawwa, sannu samari. Daga ina?"

"Daga ƙasar Rano, Baba. Cin rani na zo. Akwai ɗan garinmu da yake ga-ruwa a nan Tarauni, amma na kasa samunsa a waya."

"Wane gari ne a ƙasar Rano? Ɗan gidan wa ne kai? Wane ne dagacinku?"

Saurayi ya amsa duka, bai yi inda-inda ba. Dattijo ya dube shi, ya dubi tafin hannunsa mai kanta, ya ce, "To, zauna. Ka ci abinci?"

"Na ci a hanya, Baba."

Mai shayi ya san kunya ce. Bai sake tambaya ba. Ya haɗa shayi, ya yanko burodi ya miƙa masa, ya ce, "Ungo, ɗana. Wannan ba na sayarwa ba ne."

Da zai tashi, sai ya kira wani maigadi da ke kwana a wani gini da ba a gama ba. Ya ce masa, "Malam, ga baƙo na samu. Ya kwana a wurinka yau, gobe mu nemi ɗan'uwansa." Maigadi ya ba shi kwali ya shimfiɗa, ya ara masa tsohon bargo. Da gari ya waye, mai shayi ya haɗa shi da yaronsa. Suka bi rijiyoyin burtsatse inda 'yan ga-ruwa suke layi. A ta uku suka sami ɗan garin nasu. Ashe wayarsa ce ta faɗa ruwa.

Bayan sun gaisa, an tambayi mutanen gida, sai ɗan garin nasu ya kai shi wurin wani Alhaji mai ba da hayar kurar ruwa. Ya ce, "Alhaji, wannan ƙanena ne. A ba shi kura. Na tsaya masa."

A lura da wannan magana, na tsaya masa. Ita ce ginshiƙin darasin. Kura da jarkokinta dukiya ce. Alhaji bai san saurayin ba, bai san garinsu ba. Ba zai ɗauki dukiyarsa ya ba wanda zai iya ɓacewa da ita ba. Amma ya san ɗan garin nasu shekara da shekaru, bai taɓa cin kuɗin balas ba. Idan saurayi ya gudu da kura, wanda ya tsaya masa shi zai biya. Wato mutumin ya ɗauki mutuncinsa da ya daɗe yana tarawa ya ba da shi jingina saboda baƙo.

A cikin kwana ɗaya mutum huɗu sun taimaki saurayin nan: mai shayi, da maigadi, da ɗan garinsu, da mai kura. Ɗaya ne kawai ya san shi a da.

Tambayoyin da mai shayi ya yi kuwa ba wulaƙanci ba ne. Wasu samari sukan ji haushi idan an tambaye su sunan uba da na dagaci. Kuskure ne. Mai tambaya yana neman inda zai kama ne idan wani abu ya faru. Wanda bai tambayi baƙo komai ba, ya ce masa kawai taho mu je, shi ne abin tsoro. Za a zo kan wannan.

Me Ya Sa Ake Karɓar Baƙo?

Dalili na farko addini ne. Malamai sun karantar cewa girmama baƙo yana cikin alamun imani. Sun ce haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya ƙaru a kai sadaka ne. A Suratut Tauba, aya ta 60, an lissafa mutum iri takwas da ake ba zakka. Matafiyin da guzurinsa ya yanke yana cikinsu, ko da mai arziki ne a garinsu. Bahaushe kuma ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai shayi ba shi da ɗakin da zai ba baƙo, amma abin da ya yi ya wadatar.

Dalili na biyu yana cikin tarihin Kano. Kano garin kasuwa ne tun kafin zuwan Turawa. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, fiye da shekara 500 ke nan. Ayarin raƙuma daga arewa a Fagge yake sauka, a wajen ganuwa. A cikin gari kuma akwai masu sana'ar saukar baƙi, ana ce musu fatoma. Fatoma yakan ba falke ɗaki da abinci. Yakan adana masa kaya. Yakan nemo masa mai saye, ya tsaya a tsakani idan an yi ciniki bashi. Shi kuma yana samun la'adarsa. Falke yana iya barci da ido biyu rufe domin akwai wanda ya san gari yana tsaye a kansa.

Kanawa su ma sun ɗanɗana baƙunci. Fatake sun yi ta zuwa ƙasar Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga da ke cikin Gana ta yau. Tafiyar wata da watanni ce, zango bayan zango. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya yi wannan fatauci tun yana saurayi. Unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara har yau Zango ake ce musu. A Ibadan an kafa unguwar Sabo a 1916, inda masu gida suke saukar fataken shanu da na goro, su tsaya musu a ciniki. Garin da 'ya'yansa suka kwana a zauren wasu ya san darajar zaure.

Mai shayin Unguwa Uku jikan fatoma ne a sana'a, ko da bai san sunan ba. Kuma sau da yawa shi ma baƙo ne. Idan aka bincika, za a tarar cin rani ne ya kawo shi shekarun baya, ya zauna.

Dalili na uku shi ne amfani, kuma babu abin kunya a faɗinsa. Saurayin da aka ba shayi kyauta yau, gobe a nan zai riƙa karya kumallo da kuɗinsa. Mai kura ya sami mai tura masa kura. Maigadi ya sami abokin kwana, ɓarawo kuwa ya fi jin tsoron mutum biyu. Magidanci da ya bar ɗan cin rani ya kwana a zaurensa ya sami mai share ƙofar gida da mai zubo ruwa. Alheri ne, kuma kowa yana ƙaruwa da kowa. Abin da ya sa al'adar ta daɗe ke nan. Da ɓangare ɗaya ne kawai yake ba da wa, da tuni an gaji.

Abin Da Ke Kan Baƙo

Malaman da suka faɗi haƙƙin baƙo sun kuma faɗi cewa bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Ɗan cin rani kuwa wata biyar ko shida zai yi. Domin haka bayan kwana uku ya daina ɗaukar kansa baƙo, ya zama mai amfani a wurin.

Ya tashi da asuba ya naɗe shimfiɗarsa, ya share wurin. Idan ga-ruwa yake yi, ya zuba wa mai masauki jarka ɗaya ko biyu ba tare da an roƙe shi ba. Idan 'yan ɗaki suna karo-karon abinci ko kuɗin haya, ya sa nasa a kan lokaci. Kada ya shiga cikin gidan mutane sai an ce ya shigo. Kada ya tsaya hira da matan gida ko 'yan matan gida. Kada ya jawo wani baƙo ya kwana sai da iznin mai wuri. Wannan na ƙarshe yana ɓata zama da yawa. An ba mutum ɗaya wuri, bayan mako biyu a tarar da mutum biyar.

Kuɗin balas na mai kura, ko na mai baro, a biya shi kowace rana kafin a ci komai. Ranar da babu ciniki, a je a faɗa da baki. Ɓuya ita ce take kashe amana. Wanda ya zo ya ce, "Alhaji, yau ban samu ba, gobe zan haɗa," ya fi wanda aka kwana uku ana nema.

Akwai abin da samari da yawa ba su lura da shi ba. Ɗan cin rani ba sunansa kaɗai yake ɗauke da shi ba, har da sunan garinsu. Mutanen unguwa ba za su riƙe sunansa ba. Cewa za su yi, yaron nan ɗan gari kaza. Idan ya riƙe amana, baɗi duk wanda ya zo daga garin za a karɓe shi da sauƙi. Idan ya gudu da kura, ko ya ɗauke wayar maigadi, ya tafi da abin da bai taka kara ya karya ba, amma ya rufe ƙofa ga mutum ashirin. Wanda ya tsaya masa zai biya, kuma ba zai sake tsaya wa kowa ba. Akwai ƙauyukan da 'ya'yansu suke da wurin sauka tabbatacce a Kano tun zamanin kakanni. Riƙon amana ne ya saya musu shi.

Ƙofa Ta Fara Ƙunci

Gaskiya ita ce karɓar baƙo a birni ba kamar da ba ne. Zaure ya yi ƙaranci. Gidajen da ake ginawa yanzu get gare su, wasu zaurukan kuma an mai da su shaguna. Bayan hare-haren da aka kai Kano ranar 20 ga Janairu 2012, inda mutum fiye da 150 suka rasu, mutane sun ƙara tsoron wanda ba su sani ba. An riƙa jan kunnen masu gidaje kada su saukar da kowa ba da sanin mai unguwa ba. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i. 'Yan sintiri suna zagayawa da dare, kuma wanda suka tarar kwance a rumfa za su tambaye shi. Ga tsadar rayuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Mai son yin alheri ma aljihunsa ya yi rauni.

Bai kamata baƙo ya ga laifin mutanen gari ba. Abin da ya kamata shi ne ya sauƙaƙa musu yarda da shi. Ya taho da katin shaidar ɗan ƙasa ko katin zaɓe. Wanda ya fito daga Maraɗi ko Damagaram ya riƙe takardunsa na ƙasarsa. Ya yi ƙoƙari ya iso da rana. Idan ya sami masauki, ya roƙi mai masaukin ya kai shi wurin mai unguwa a san da shi. Gaisuwar minti biyar ce, amma ranar da aka yi sata a layin, ita ce za ta raba shi da kwanan ofishin 'yan sanda. Idan abu ya ɓace, baƙo ake fara duba.

Mai Masaukin Ƙarya

Kowace babbar tasha a ƙasar nan tana da masu jiran baƙo domin su cuce shi. Sun san shi daga nesa, da buhunsa da yadda yake ɗaga kai yana kallon motoci. Su ne suke fara zuwa wurinsa, da fara'a fiye da kima.

Ana gane su ta hanyoyi kaɗan. Mai gaskiya yana da wurin zama da kowa ya sani, tebur ko shago ko rumfa, gobe ma a nan za a same shi. Macuci ba shi da wuri, kuma yana son a bar cikin mutane a koma gefe. Mai gaskiya yana tambayar asalin baƙo. Macuci abin da ke aljihun baƙo yake son sani. Wani zai ce akwai aikin kamfani a Sharaɗa ko Challawa, amma sai an ba da kuɗin fom yanzu-yanzu. Wani zai ce a kawo waya ya kira maigidan, ya shiga lungu da ita. Wani zai ce ya tsinci kuɗi, a zo a raba. Wani kuma zai yi wa yaro alkawarin aiki mai tsoka a wani gari mai nisa, ko wata ƙasa, ya ce shi zai biya kuɗin mota, a biya shi daga baya. Wannan ya fi duka haɗari, domin bashin ba ya ƙarewa.

Baƙon da ya rasa inda zai dosa ya nufi masallaci ya tambayi liman ko ladan. Ko ya je ofishin ƙungiyar direbobi da ke cikin tasha. Ko ya sami dattijo mai sana'a a zaune. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya zaɓi wanda zai tambaya.

Iyaye kuma su yi hattara da tura ƙananan yara cin rani su kaɗai. Yaron da bai mallaki hankalinsa ba, ba ya iya bambance waɗannan mutane.

Inda Karatu Yake Shigowa

Saurayin da aka ba da misali da shi ya yi sa'a. Lamba ɗaya ya riƙe, ita ma a cikin waya. Da wayarsa ta ɓace ko cajinta ya ƙare, da ba shi da komai. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana da maganin wannan. Kafin ya bar gida, ya sami takarda ya rubuta sunan wanda zai sauka wurinsa, da unguwa, da wata alama kamar masallaci ko makaranta da ke kusa, da lambar waya biyu ko uku. Ya rubuta sunansa da na garinsa da lambar wani na gida. Ya sa takardar a leda, ya ajiye ta dabam da waya. Ya bar irinta a gida wurin iyali.

Sai maganar ajiya. Ɗan cin rani ba shi da akwati mai makulli. Wanda yake kwana a rumfa da kuɗi a ƙugu, barcinsa rabi ne. Saboda haka yawanci wurin mai shayi ko mai kanti ko maigida ake kai ajiya. Yawancin masu karɓar ajiya mutanen kirki ne. Amma wata biyar ana kawo kuɗi kaɗan-kaɗan, kai ba ya riƙewa. Ranar tafiya mai ajiya ya ce kaza ne, mai kuɗi ya ce a'a, ya fi haka. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma zumuncin shekaru ya lalace.

Ƙaramin littafi ya isa ya hana wannan. A ja layi uku: kwanan wata, abin da aka kawo, jimla. Duk ranar da aka kai kuɗi a rubuta a gaban mai ajiya, a karanta masa ya ji. Wasu suna ganin rubutawa kamar rashin yarda ne. Ba haka ba ne. A Suratul Baƙara an umarci Musulmi su rubuta bashi idan sun ƙulla shi. Mai ajiya na gaskiya shi ya fi kowa son a rubuta, domin nauyi ya ragu a kansa. Idan kuɗi sun taru, gara a riƙa aika wa gida ta hannun amintacce ko ta wurin masu POS, a karɓi 'yar takardar shaida, a kira gida a tabbatar sun shiga.

Kuma zuwa birni ba dalilin barin aji ba ne. Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, domin mutanen birni da na ƙauye aka yi ta. Ɗan cin rani ya tafi da littafinsa, ya tambayi mai unguwa ko akwai aji kusa. Ko babu, allunan shaguna da rubutun jikin motoci a tasha sun ishe shi bita kullum.

Ranar Komawa

Idan hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu ko Yuni, hankalin manomi ya koma gona. A nan ma akwai ladabi. Kada a sulale da asuba. A mai da kura ko baro lafiya, a ƙirga jarkoki a gaban mai su. A biya bashin mai shayi da na mai abinci har na ƙarshe. A bi waɗanda suka taimaka ɗaya bayan ɗaya a yi musu sallama, a nemi gafara.

Da kaka kuma a tuna da su. 'Yar tiyar gero, ko wake, ko zabo, ko ƙullin kuka da daddawa, ba su da yawa a ƙauye, amma a birni abin so ne. Da haka baƙunci yake komawa zumunci. Akan ga mai shayi ya je ƙauye ɗaurin auren yaron da ya taɓa ba burodi. Akan ga ɗan ƙauye ya kawo mara lafiya Asibitin Malam, ya sami wurin kwana da mai kawo masa abinci a Gyaɗi-Gyaɗi, saboda sanayyar cin rani ta shekarun baya. Wata rana kuma shi ne zai riƙo hannun ƙanensa ya kai shi gaban mai kura.

Aikin Aji

1. Me ake nufi idan mutum ya ce, "Na tsaya masa"? Me zai same shi idan wanda ya tsaya wa ya ci amana?

2. Mene ne aikin fatoma a Kano ta da? Wa yake yin irin wannan aiki a tasha yau?

3. Waɗanda suka taɓa zuwa cin rani su ba aji labarin wanda ya fara saukar da su, da yadda suka same shi.

4. Kowane ɗalibi ya ja layi uku a littafinsa, ya rubuta ajiyar kwana bakwai, ya haɗa jimla, ya nuna wa malami.